Jarumar da Ba Ta Jiran Ceto

Rano, daren Laraba

Yau mun yi musu da Yaya Nura kan gem, wato wasan wayar da yake haɗawa, ni nake rubuta labarin. So yake a sace yarinya, saurayi ya ceto ta, kamar kowane fim. Ni kuwa wata 'yar Fulanin garin Tarai na sa, tana bin sawun shanunta da suka ɓace.

Ya ce, "Ba mai buga wannan, Zulai. Ki gyara, ko na nemi wani."

Raina ya ɓaci, amma na ba Inna matakin farko ta gwada. Har aka kira isha'i ba ta ɗago kai ba. Yaya ya miƙa hannu zai karɓi wayar, ta ce, "Dakata, saura saniya ɗaya."

Ko kalma ba zan canja ba.