Manoman Dusuman Sun Zo Rajista, Mun Tura Su Biki

Zuwa ga Babban Manajan kamfaninmu na fasahar sadarwa da ke nan Maiduguri,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yallaɓai, ina gaishe ka gaisuwar ƙarama ga babba, da fatan kana lafiya, iyali ma suna lafiya. Wushe da ƙoƙari.

Ni ce Falmata ta sashen kula da sabobi, wadda teburinta ke jikin tagar da ke kallon janareta. Na aiko maka da takarda ranar Talata, na sake aiko wata ranar Laraba, duka ta hannun sakatare, kuma har yanzu ko tari ban ji ba. Shi ya sa na fito da ta ukun fili, inda abokan aiki da shugabannin ƙungiyar manoma za su gani. Wallahi ba don in kunyata ka ba ne, lokaci ne ya ƙure. Rajistar manoman rani na Dusuman za ta rufe ranar Litinin mai zuwa, ranar da ƙungiya za ta tura sunayen waɗanda za a ba irin albasa. Wanda sunansa bai shiga ba, ya rasa noman bana. Yau Alhamis, kuma ko mutum ɗaya bai samu ya yi rajista ta shafinmu ba.

Saboda masu karatu da ba aikinmu suke yi ba, bari in ɗan yi bayani. Shafukan da muke kula da su ba a kan kwamfuta ɗaya suke zaune ba. Muna da rukunin sabobi, wato manyan kwamfutoci, da muke kira kulasta, manhajar Kubanetis ce ke rarraba aiki a kansu, kowane shafi a cikin kwantenarsa. Idan mutum ya buga adireshi a wayarsa, ba kai tsaye yake faɗawa cikin kwantenar ba. Sai ya fara cin karo da mai tsaron ƙofa, wanda muke kira ingires. Aikinsa irin na ɗan kamasho ne a tasha: ya ji inda za ka, ya duba dokokin da muka rubuta masa, ya nuna maka mota. Abin da ke cikin dokar kawai ya sani. In an rubuta masa cewa waccan ce motar Dusuman, can zai tura ka ko da Gamboru ta nufa.

Na ɗaya, abin da ya faru. Mun buɗe shafin rajista ranar Alhamis da ta wuce. An buga adireshin a fosta, an faɗe shi a rediyo, an liƙa shi a ƙofar ofishin ƙungiya. Allon sa-ido namu kore shar, mutane na ta shigowa, ba kuskure ko ɗaya. Ranar Juma'a kai da kanka ka tsaya a bayan kujerata ka ce aiki ya yi kyau, na koma gida ina tafiya kamar ba na taka ƙasa.

Ranar Asabar bayan azahar gwaggona Ya Kaltum ta kira ni. Ita manomiyar albasa ce a Dusuman, kuma tun da aka fara maganar shafin nan take gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da ita cewa 'yar ƙanenta ce ta yi shi. Ina ɗauka sai na ji guɗa a bayanta. Ta sanar da ni cewa sun iso gidan bikin lafiya, amma ba su ga teburin rajista ba, kuma amaryar ma da alama ba ta shirya ba. Na tambaye ta wane biki. Ta ce wanda shafina ya gayyace su mana.

Yallaɓai, na buɗe adireshin a wayata. Maimakon fom ɗin rajista, sai ga furanni ja da ruwan ɗorawa, ga gayyata: iyalan Baba Modu na farin cikin gayyatar jama'a walimar auren 'yarsu ranar Asabar bayan azahar, a gidansu da ke Bulumkutu, har da kwatancen layi. Ba wata, ba shekara. Mutanen kirki suka karanta, suka ce ashe kamfanin nan ya san mutunci, sai an ci an sha sannan a rubuta suna. Suka yi wanka, mata suka sha turaren wuta, aka cika keke napep har shida.

Ga wanda bai san Baba Modu ba, shi ne mutumin da ya kafa sashenmu, shi ya koya wa rabin ofishin nan aiki, har da kai, kafin ya yi ritaya. Amaryar da ake magana kuwa 'ya'yanta uku yanzu. Sai Allah ya sa ta zo gaida iyayenta ranar, tana tsakar gida tana wanke-wanke aka shigo mata da guɗa. Hajiya, matar Baba, ta ce wanda ya zo taya ka murna ba a mayar da shi da yunwa, ko da ya makara da shekaru. Ta ɗora tukunya, aka yi burabusko da miyar yakuwa, kowa ya ci ya yi addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya. Gwaggona ta ce abincin ya yi daɗi, amma har yau ba ta daina tambayata ina sunanta ya shiga ba.

Na biyu, abin da na bincika. Ranar Litinin da safe na zauna na bi hanyar tun daga bakin titi. Na duba ko sunan shafin yana nuna sabobinmu ne ko na wasu, namu yake nunawa. Na duba na'urar da ke raba masu shigowa tsakanin sabobi, lafiyarta lau. Takardar shaidar tsaro ba ta ƙare ba. Kwantenonin rajista uku duk suna raye, sun yi shiru suna jiran baƙin da ba su taɓa zuwa ba. Na karanta dokar da na rubuta wa ingires sau biyar, har na fara zargin idona, ban ga aibunta ba.

Sai na buɗe littafin da mai tsaron ƙofa ke rubuta duk wanda ya shigo da inda ya tura shi. A nan na ga abin mamaki. Kowane baƙo an karɓe shi, an amsa masa lafiya, shi ya sa allonmu bai taɓa yin ja ba. Amma wurin da ake tura su wani suna ne da ban taɓa gani ba. Kulasta tana da ɗakuna, kowane sashe da nasa, ni kuma a ɗakina kaɗai nake ta dubawa. Da na ce a jero mini dokokin dukkan ɗakunan, sai ga ta: wata tsohuwar doka a ɗakin Baba Modu, mai ɗauke da adireshi iri ɗaya sak da namu. Lokacin da yake koyon Kubanetis ne ya yi gwaji da katin bikin 'yarsa, ya ɗora shi a adireshin da ba kowa a kansa. Bana kuma muka zaɓi wannan adireshin saboda gajere ne, zai yi kyau a fosta.

Na uku, dalilin da ya sa tasa ta danne tawa. Ka fi ni sanin al'adar ofishin nan. Fayilolin Baba ba a gogewa, ba a gyarawa, ko leƙawa ba a yi. Duk lokacin da muka yi ƙaura zuwa sababbin sabobi, kai da kanka kake yin bisimilla ka fara ɗora nasa, don albarka, sannan na sauran mutane su biyo baya. To, ƙa'idar irin ingires ɗin da muke amfani da shi ita ce, idan dokoki biyu suka yi jayayya a kan adireshi ɗaya, wadda ta riga shiga ita ake bi. Ikon Allah! Ashe na'urar ma tarbiyyar Barno gare ta, babba na magana ƙarami ya yi shiru. Akwai kuma mai tacewa da ya kamata ya ƙi karɓar dokata tun farko, ya gaya mini cewa adireshin da mai shi. Da na bincika sai na tarar an kashe shi tun ƙaurar bara, saboda yana ta ƙorafi a kan fayilolin Baba, aka ce ba shi da kunya.

Na huɗu, laifina, don ba zan ɓoye shi ba. Kafin mu buɗe shafin na gwada shi, amma ta ciki na gwada, na haɗa kwamfutata kai tsaye da kwantenar. Ban fita waje na shigo ta ƙofar da manomi zai shigo ba. Da na ɗauki wayata na buga adireshin fostar sau ɗaya tak, da na ga furannin nan tun kafin kowa ya ɗinka anko. Wannan nawa ne, na karɓa, kuma ba zan sake ba.

Na biyar, abin da ya yi mini ciwo. Kafin azahar ɗin Litinin na shigo ofishinka da murna, na ce na gano matsalar, gyaranta bai kai minti goma ba: a cire dokar Baba, shi ke nan. Ɗakin Baba a kulle yake, makullinsa na hannunka kai kaɗai. Ina ambaton sunansa fuskarka ta canza. Kafin la'asar an miƙo mini takardar tuhuma, wai na yi sakaci kuma ina neman shafa wa dattijo laifi. Aka karɓe izinina na shiga kulasta, aka ce kada kowa ya taɓa komai sai kwamiti ya zauna. Yallaɓai, na shiga banɗaki na yi kuka, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni da Baba ya riƙe hannuna a ranar da na fara aiki, ni ce zan ci mutuncinsa? Kwamitin kuma har yau ba a faɗi ranar zamansa ba, biyu daga cikin mambobinsa ma suna Kano wurin taro.

Jiya da yamma na hau keke na tafi Bulumkutu, na durƙusa na gaya wa Baba komai. Ya yi dariya har sai da Hajiya ta kawo masa ruwa. Shi ya ma manta da shafin, tun ranar Asabar yake zaton wani ne ya haɗa masa tsiya. Ya ce darasin farko da ya koya maka shi ne duk abin gwaji a share shi in an gama, ga shi malamin ne bai share nasa ba, ɗalibin kuma ya mayar da shi kayan gado. A gabana ya kira ka. An ce mini tsaye ka miƙe ka amsa. Ka gaishe shi, ka gaida Hajiya, ka tambayi jikoki ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar masa komai na tafiya daidai kada ya damu, ka yi masa sallama cikin ladabi kafin ya kai ga maganar da ta sa ya kira.

Don haka ga roƙona. Ka shiga ɗakin Baba yau ka cire dokar nan, ko ka ara mini makullin ka tsaya a kaina in cire a gabanka. Ba sai an goge katin bikin ba. Zan mayar da shi wani adireshi na daban, ya zauna can da furanninsa don tarihi, in ka so ma in sa masa shekara. A kunna mai tacewar nan, a bar shi ya yi rashin kunyarsa, aikinsa ke nan. A tura wa manoma saƙo a ba su haƙuri, a gaya musu ƙofa ta buɗe, don su samu Juma'a da Asabar da Lahadi su yi rajista. Takardar tuhumar kuma, in ba za a janye ta ba, a gyara ta a rubuta laifin da na yi na gaskiya, zan sa hannu da murmushi.

Akwai kuma saƙon Baba, ya ce in isar maka a rubuce tunda a waya gaisuwa ba ta bari. Jibi Asabar ce, gayyatar na nan a shafi, kuma labarin burabuskon Hajiya ya zaga Dusuman har ya tsallaka ƙauyukan gaba. Hajiya ta ce geronta ya ƙare. Saboda haka idan azahar ɗin Asabar ta yi ba a cire dokar ba, Baba zai fito da kujera ya zauna a ƙofar gida ya yi aikin ingires da kansa. Duk keken da ya tsaya, zai yi masa kwatancen gidanka, kuma ya ce ya san layin sarai.

Ni dai ba taron gidanka nake fata ba. Ya Kaltum ta riga ta ja fangalinta, ta gyara bakin rijiya, kullum da safe sai ta je ta tsaya a kan ƙasar da ba a zuba mata komai ba. Ta daina gaya wa mutane cewa 'yar ƙanenta ce ta yi shafin, amma ba ta daina ba wa maƙwabta wayarta su gwada ba, tana cewa yarinyar nan za ta gyara. Ina so in ta buga adireshin gobe da safe ta ga inda za ta rubuta sunanta.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya saka maka da alheri a kan girmama malaminka, ya ba ka ɗalibai masu yi maka irin ladabin da kake yi masa, waɗanda kuma za su share abin da ka manta ba ka share ba. Allah ya ba manomanmu rani mai albarka.

Wassalam.

Taka ma'aikaciya mai biyayya,
Falmata, ta jikin tagar janareta.