Kitsen Da Ake Ba Kare

Nasarawa, Kano, 1959

Zuwa ga ƙanena Tanimu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya su Dije da yara, ya ƙafar Yaya Lami? Malam Fabian akawu ke rubuta mini, na ce kada ya gyara mini magana.

Ni lafiya lau, sai gajiya. Likita ya ce wa Baturen da nake wa girki wai kitse na toshe masa hanyar jini, sai matarsa, Madam, ta hana mai a gidan. Kullum ina tsaye ina yanke kitse daga nama, ana miƙa wa kare. Kare ya yi ɓul-ɓul, maigida kuwa wandonsa na zamewa, fatarsa ta bushe. Shekara sha tara ina ciyar da mutumin nan, ba wanda ya tambaye ni. Kekensa ma ana ɗiga masa mai.

Ran Talata na sa wa maigida cokali guda na man shanu a miya, ya share faranti tas. Madam ta ji ƙanshi, ta ce in na sake in kwashe kayana. A shekaruna wa zai ɗauke ni?

Ka aiko mini da man shanu kwalba ɗaya, mai kyau. Ka kuma sa a gyara rufin ɗakina na can gida kafin damina.

Allah ya bar zumunci.

Yayanka,
Barau kuku