Likkafanin Gwaggo Kubura

Litinin, 24 ga Mayu, 1999
Fasfo ya fito. Indiya za ni in sha Allah, garin Darjilin, inda ƙaramin jirgin ƙasa mai tururi ke hawa dutse. Tun ranar da Baba ya kai ni Funtuwa ina yaro na ga jirgi ya wuce, abin ya shiga raina, ga shi an haife ni a Katsina, garin da ko guntun layin dogo babu. Na yi ritaya daga koyarwa, ban ci haƙƙin kowa ba. Kallon jirgi za ni, shi ke nan.

Laraba, 26 ga Mayu
Na je sanar da Yaya Abbas, tunda shi ne babba. Ya dube ni kamar na ce gidan giya zan buɗe. "Sada, kai da ko Makka ba ka taka ba, za ka tahi kallon ƙarhe? Mi za mu ce ma mutane?" Da furfurata ake yi mini wannan faɗan.

Asabar, 29 ga Mayu
Soja sun miƙa mulki, kowa ya manne da rediyo. Mu a gidanmu har yanzu mulkin soja ake yi.

Talata, 1 ga Yuni
Ashe Yaya ya tsaya a masallacinmu na Ƙofar Sauri bayan La'asar ya ce ƙanensa zai tafi Umara a watan Maulidi. Umara! Da na tare shi, wai asiri ya rufa mini. Tun safe zaurena cike, wannan a yi masa addu'ar haihuwa, wancan sautun dabino. Ina amsa "amin" ina tafasa.

Juma'a, 4 ga Yuni
Gwaggo Kubura, ƙanwar Baba, wadda ta riƙe ni bayan rasuwar Inna, ta tako da sandarta tun daga Ƙofar Kwaya. Ta kwance ƙulli, sai ga farin yadi. Likkafaninta ne, ta daɗe da tanadarsa. "Ni ba ni da ƙahwar zuwa, ɗan nan. Ka wanke mani shi da zamzam, ka shanya shi can. Allah shi kai ka lahiya."
Na buɗe baki in ce mata Indiya za ni. Abin da ya fito: "To, Gwaggo."
Allah ya isa tsakanina da... a'a, Yayana ne. Amma ya cuce ni.

Asabar, 5 ga Yuni
Ƙullin na kan akwatina. Ban taɓa shi ba.

Litinin, 7 ga Yuni
Na ce wa Yaya shi ya ƙulla ƙaryar, shi zai je ya warware. Ya ce, "Tahi ka hwaɗa mata da bakinka." Na tafi kuwa, a fusace. Na tarar tana ba maƙwabta labarin ɗanta Sada zai je gaban Ma'aiki. Ta dama mini fura da hannunta. Na sha, na dawo.

Alhamis, 10 ga Yuni
A Babbar Kasuwa, Alhaji Gwadabe mai yadi, wanda ya san ciwona, ya ce ai a Madina ma akwai tsohuwar tashar jirgi ta zamanin Turkawa, da matattun injuna a ajiye. Na ce masa jirgin da ba ya motsi ba jirgi ba ne. Duk da haka na tambaye shi nisanta da Harami. Wai da ƙafa ma ana zuwa.

Talata, 15 ga Yuni
Na je Kano wajen mai shirya tafiya, an canja tafiyar daga Indiya zuwa Madina. Tashar Turkawa zan je gani, kada Yaya ya ɗauka shi ya yi nasara. Har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a gajarce.
Akwatin ya ƙi rufuwa da ƙullin Gwaggo a ciki. Na ciro littattafan Darjilin na mayar da su ma'ajiyarsu, sai ya rufu.