Gwaggo a Gida, Mama a Asibiti

Inna mai wannan fili, don girman Allah ki taimake ni da shawara kafin ƙarshen wata, na rasa inda zan sa kaina.

Ni mai walda ne, ina da rumfa a bakin titi inda nake haɗa ƙofofi da tagogi. Matata ta rasu bara, ta bar mini 'ya ɗaya, yanzu tana cikin shekara ta huɗu. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, surukata kuma tana nesa, ga ciwon ƙafa. Saboda haka da yarinyar nake tafiya aiki. Na jingina wani tsohon kwanon rufi a lungun rumfar, na shimfiɗa mata kwali a bayansa, ina aiki ina leƙenta. Wata rana tartsatsin wuta ya tsallake kwanon ya sauka a damtsenta. Tabon yana nan, kullum na zo yi mata wanka sai na gan shi.

Ana cikin haka na ji labarin wani shirin gwamnati na ƙananan yara. Ana riƙe yaro a cibiyar reno daga safe zuwa la'asar, a ciyar da shi, a fara koya masa karatu. Ofisoshi uku ne suka haɗa hannu a kai: na lafiya, na ilimi, da na jin daɗin jama'a. Sharaɗinsu shi ne duk wata uwa ta kai yaron asibiti a auna shi, ta kuma zauna darasin da ake yi wa iyaye mata. In aka daina zuwa awo, gurbin reno ya tafi.

Ranar rajista, ma'aikacin da ke bakin taga ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce shirin na uwa da ɗa ne, in je in zo da uwar. Na ce masa ta rasu. Ya ce wannan ba huruminsa ba ne, in tafi ofishin lafiya. Can suka tura ni wajen masu ilimi, su kuma suka mayar da ni tagar da na fara. Kwana da kwanaki rumfata a rufe, ina yawo da yarinya a kafaɗa. Wata mata da muke layi tare ta ji tausayina, ta raɗa mini cewa in kawo kowace mace a gidanmu, ba wanda zai bincika. Na roƙi ƙanwata, ta yarda, aka rubuta ta a matsayin uwa.

Ba zan yi ƙarya ba, yarinyar ta amfana. Ta yi ƙiba, bakinta ya buɗe, har waƙa take koya mini. Amma don kada asiri ya tonu, ni da bakina na koya mata cewa ranar awo ta riƙa kiran gwaggonta Mama. Na mayar da abin wasa, har alewa nake ba ta in ta yi daidai. Kwanan baya ina ɗaure mata takalmi za su fita, sai ta tambaye ni ko yau Gwaggo ce za ta zo ko Mama. Ta ƙara da tambayar ko Mamanta ta gaske ta san da wannan. Inna, ni mutum ne da ke yini da ƙarfe da wuta, amma ranar na kasa riƙe hawayena.

Ita ma ƙanwata ta gaji. Yanzu tana da ciki, ma'aikaciyar jinyar da ke yin awon kuma sai taya ta murna take, tana cewa a gaida mai walda, ya kusa samun na biyu. Mijinta ya ji, ransa ya ɓaci, ya ce ba da matarsa ba. Ban ga laifinsa ba.

Ga abin da ya tayar mini da hankali. An kawo sabuwar malama cibiyar renon, maƙwabciyar su marigayiya ce, har ta'aziyya ta zo mini. Ita a zatonta kowa ya san halin da nake ciki. To yanzu ofisoshin nan uku sun ce a ƙarshen wata za su zauna teburi ɗaya, su gana da kowane iyali, wanda aka samu da bayanin ƙarya a cire ɗansa. Malamar da ta san matata ta rasu za ta zauna kusa da ma'aikaciyar jinyar da take ganin ƙanwata duk wata a matsayin matata. Lokacin da nake neman su haɗu su saurare ni ba su haɗu ba, sai yanzu.

In na faɗi gaskiya, ina tsoron yarinyar ta koma bayan kwano. Wani abokina ya ce in lallaɓi malamar ta yi shiru. Ni kuma wani lokaci ji nake in janye yarinyar da kaina kafin a kunyata mu. Me zan yi?

Naki, Uba mai walda

*

Ɗana mai walda,

Allah ya jiƙan matarka, ya raya abin da ta bari. Na karanta wasiƙarka da nauyin zuciya, kuma ban ga mugun mutum a cikinta ba. Na ga uban da aka yi ta juyawa tsakanin tagogi har ya gaji. Duk da haka abin da ka yi kuskure ne, kai ma ka sani.

Kada ka ɗauki zaman nan a matsayin tarko. Irin waɗannan shirye-shirye sukan lalace ne idan ba a bincike, sunayen bogi su cinye gurbin yaran gaske. Dole su tantance. Amma su ma da nasu laifin: shirin da aka yi domin yara bai kamata ya rufe ƙofa ga yarinya don uwarta ta mutu ba. Kuma teburin da kake tsoro shi ne wuri na farko da ba wanda zai ce maka ka tafi ofishi na gaba, tunda duk suna zaune.

Ka bar maganar lallaɓar malama. Ka riga ka ɗora wa ƙanwarka wannan kaya, kada ka ƙara da aikin wata. Kada kuma ka janye yarinyar, wannan hukunci ne ka yanke mata tun kafin kowa ya yanke.

Ka riga su magana. Cikin makon nan ka sami malamar ka gaya mata komai, ka roƙe ta ta raka ka wajen shugaban ofishin jin daɗin jama'a, ba wajen mai taga ba. Ka tafi da shaidar rasuwar matarka da katin awon yarinyar. Ka faɗi yadda aka yi ta mayar da kai, ka faɗi abin da ka yi ba tare da kwana-kwana ba. Sannan ka nemi a rubuta ka a matsayin mai kula da ita, ka ce a shirye kake ka zauna darasin da kanka, ko kai kaɗai ne namiji a ɗakin. Yarinyar nan tana raye, tana zuwa awo, tana zuwa reno, kuma ta cancanta. Wannan hujja ce mai ƙarfi.

Ba zan yi maka alkawarin ba za a cire ta ba. In an cire, ka tambayi inda ake kai koke, ka bi. Kafin nan ka nemi wata amintacciya a unguwa da za ta riƙe ta na ɗan lokaci, domin rumfa ba wurin yaro ba ce. Ka je gidan ƙanwarka ka ba mijinta haƙuri, ka kuma bayyana wa ofis cewa kai ka roƙe ta.

Amma kafin duk wannan, ka zaunar da 'yarka. Ka gaya mata wasan nan ya ƙare, Baba ne ya yi kuskure, ita ba ta yi laifin komai ba. Ka ba ta labarin mahaifiyarta, yadda take dariya, abin da take kiranta da shi. Ranar zaman kuma, in wani ya tambayi ina uwar yarinyar nan, kada ka bari ta ɗaga kai tana neman amsa a fuskarka. Kai za ka amsa.

Allah ya sassauta zukatan waɗanda za ka tarar, ya bar muku gurbinku, ya sa ka ga girmanta cikin lafiya.

Taka, Inna