Kada Ka Taɓa Gawon Baba

Tamanrasset, Aljeriya.

Zuwa ga ƙanena Siddiq,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da Hasanatu da yara. Ni ma lafiya lau, sai ɗan ciwon bayan nan na ɗaukar siminti, shi ma da sauƙi. Kada ka faɗa wa Inna.

Dogo direba ya iso daga Maigatari da labarin da ya hana ni cin abinci. Wai masu wani kamfani sun zo Gagarawa, za su riƙa biyan manoma saboda itatuwa na shanye hayaƙin da ke ɗumama duniya. To, madalla. Amma wai sabon dashe kawai suke lissafawa, shi ne ka shirya sare gawon nan uku na gonar Baba ka dasa itatuwan turare a gurbinsu.

Siddiq, kanka ɗaya kuwa? Itacen da ke zubar da ganye da damina gero ya sha rana, da rani kuma ya ciyar da awakin Inna? Je ka duba inda geronmu ya fi tsayi. In dashe suke so, ga bakin gona nan, ku dasa har ku gaji. Amma gawon nan ban yarda ba.

Ka gaishe da Malam Abdulfatah, ya sa ni a addu'a. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Nan inda nake, da azahar rububin inuwar katanga muke yi. Kai kuwa Baba ya bar maka inuwa, kana wasa mata gatari.

Yayanka,
Hudu.