Mako Biyun da Na Ɓoye

Yaya,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Inna? Ya yarana, da fatan ba su cika miki kunne ba? Allah Ya saka miki da alheri.

Ni jiki da sauƙi, kada ku damu. Ranar da aka ƙara mini ruwan maganin dajin nan ne kawai nake amai. Gashi ya zube, amma ɗankwali ya rufa asiri. Likita ta ce in riƙa motsa ƙafa, don haka kullum da hantsi nakan bi wata 'yar hanya ta bayan asibiti, tsakanin gonaki, har wata gadar katako. Nan nake zama, shanu na kallona, ina kallonsu.

Yaya, akwai abin da ke cin raina. A watan jiya an ba ni hutun mako biyu, na ce muku an hana ni zuwa gida. Ƙarya na yi. Tun da na yi aure ban taɓa samun awa guda da ba a kira ni ba sai a gadar nan, na kasa barinta. Ashe a makon ne Auta ta fara tafiya.

Ki yafe mini, kuma kada Inna ta ji. Don Allah ki auna ƙafar Auta da zare ki aiko mini. Jiya na tsaya gaban mai takalma, ya tambaye ni girman ƙafar 'yata, ban san shi ba.

Taki,
Ƙanwarki