Shafi Na Arba'in Da Bakwai

Zuwa ga Malam,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ku da mai ɗakinku Mama. Ku gafarce ni, na kasa faɗin wannan a ofishinku.

Akwai kuskure a kundin digirina, shafi na 47, layi na shida. Kun san abin da muka ce mun tabbatar: lissafin nan mai murɗiya, na yadda zafi ke daidaita a jikin faifan ƙarfe, yana da amsar da ba sifili ba. Mun jera amsoshi na kusa-kusa, muka nuna jerin yana tsayawa a wani wuri. Amma ban nuna cewa wurin ba sifili ba ne. Sifili kuwa kowa ya san amsa ce tun kafin mu fara. Watau mai yiwuwa shekara huɗu muka yi ba mu gano komai ba.

Na duba sau goma sha ɗaya. Mujalla ta riga ta karɓi aikin da sunanmu biyu, kuma a kansa jami'a za ta ɗauke ni koyarwa.

Ɗalibinku mai biyayya.

*

Sarkin Tsoro,

Wa alaikumus salam. Kai dai ko waƙafi ya karkace sai ka yi zazzaɓi. Mutum uku suka yi maka jarrabawa, ba wanda ya ce uffan. Je ka karɓi takardar aikinka, ka ci abinci. Ka bar shafin nan.

Malaminka.

*

Malam,

Bayan gaisuwa. Na yi kwana goma sha tara ina neman gyara. Jiya na gwada lissafin a kan faifai mai siffar da'ira. A nan babu wata amsa sai sifili. Ba giɓi ba ne a hujjar, maganar ce ba gaskiya ba. Don Allah ku duba da idonku, layi na shida ne kawai.

Ɗalibinku.

*

Ɗana,

Mamanka ke rubuta wannan, ni Malaminka ke faɗa, kamar wasiƙar da ta gabata. Shekara biyu ke nan idona ba ya ganin ƙananan haruffa. Ban karanta shafi na 47 ba. Ban karanta ko shafi ɗaya ba. Ka karanta mini da baki, na yarda da kai, na sa hannu. Jami'a ba ta sani ba. In ka fasa maganar, za su tambayi yadda ta wuce ni, kuma ba ni da wata sana'a. Ban ce ka yi ƙarya ba. Na ce ka yi shiru.

Ni ma Mama ina roƙonka. Ya daina cin abinci.

*

Malam,

Allah Ya ƙara lafiya. Ranar Talata na janye aikin daga mujalla, na sanar da jami'a cewa kuskuren nawa ne. Sun dakatar da ɗaukata, za su sake duba digirin.

Shugaban sashe ya yi mini tambaya ɗaya a rubuce: ko kun karanta shafin kafin ku sa hannu. Akwai wurin "e" da wurin "a'a". Ya ba ni zuwa Litinin.

Ku gaida Mama.

Ɗalibinku.